Yadda Ake Mayar da Tsohon Kwale-kwale Jirgin Kamun Kifi

Da yawa daga cikin ƙananan jiragen katako da ake sayarwa na hannu a kwatocin Yawuri, Malale da Shagunu, a bakin ruwan Kainji, na fito ne, waɗanda suka gaji da ɗaukar mutane da buhuna ranar kasuwa. Kuɗinsu bai kai na sabo ba, shi ya sa mai son fara su, wato kamun kifi, yake kai ido kansu. Sai dai jirgin fito da jirgin su ba aikinsu ɗaya ba. Na fito ana zama a cikinsa ne a daidaita nauyi, na su kuwa tsaye ake aiki a cikinsa, mutum biyu sun karkata gefe guda suna jan taru mai ruwa, ƙasa duk santsin kifi. Don haka gyaran ya rataya a kan abu uku: gindi ya daina yoyo, nauyi ya zauna ƙasa kuma a tsakiya, kada a bar ko kan ƙusa ɗaya da zai kama raga. Fenti da inji suna biyo baya ne.

Bayanin nan na jirgi ne mai tsawon mita 6 zuwa 8, wanda mutum biyu ko uku za su yi aiki da shi.

Kayan aiki

Guduma, zarto, kurfi, gizago, magagari, filaya, sukuddireba, tef na awo, sandfefa mai kaushi da mai laushi, burushin ƙarfe, burushin fenti, da abin huda katako, ko na hannu ne. Sai tsohuwar garwa ta narka kwalta, ludayin ƙarfe mai dogon hannu, da safar hannu mai kauri.

Kayan da za su shiga jikin jirgi: falankin katako mai ƙarfi, maɗaci ko loko, kaurinsa daidai da na jirgin, guntayen ƙirya idan ana samu don haƙarƙari, wato katakan ciki da falanki suke kamawa, ƙusoshi marasa tsatsa, irin masu farin shafe, na inci 1 da na inci 3, bol da noti da wosha, fallen kwano, kwalta, auduga ko igiyar rama, fayif ɗin roba na inci 2, jarkoki huɗu masu lita 25 da murafunsu, igiyar nailan, fenti mai mai.

Kada ka yarda mai katako ya tura maka farin katako mai taushi irin na silin da akwati don ya fi sauƙi. Damina ɗaya zai yi a ruwa ya zama soso.

1. Duba jirgin kafin ka biya

Nan ake cin riba, nan ake faɗuwa. Jirgin da yake kan ruwa kowa zai ce lafiya lau yake, musamman idan mai shi ya kwarfe shi kafin ka iso. Ka ce a jawo shi gaɓa a kifa. Idan mai shi ya fara kawo uzuri, ka san akwai magana a ƙasa.

Ɗauki sukuddireba ka bi gindin taki bayan taki kana dannawa. Lafiyayyen katako zai ƙi, ruɓaɓɓe kuwa za ka ji ƙarfen ya nutse ba wuya. Ka fi tsananta bincike inda gindi ya haɗu da gefe, da ƙarƙashin haƙarƙari, da goshi inda yake gogar yashi kullum, da baya inda ruwa yake kwanciya. Sai ka bi da guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Mai kyau yana amsawa ƙwal, wanda ya ruɓe daga ciki sai ka ji dum. Duk inda ka ga an lafta kwalta fiye da kima, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, to akwai abin da aka rufe. Kankare kaɗan ka gani.

Bayan haka tsaya a goshi ka hangi baya. Idan jirgin ya murɗe, wato kusurwa ɗaya ta fi ɗaya tashi, bar shi, ba ya gyaruwa, kullum zai riƙa janka gefe. Haka idan falankin gindi da ya ruɓe ya kai kashi ɗaya cikin uku, ko haƙarƙari fiye da rabi sun saki. Kuɗin gyaransa zai kama hanyar kuɗin sabo, araha kuwa ba ta ado. Falanki ɗaya ko biyu da suka lalace, yoyo a mahaɗa, benci da ya karye, duk waɗannan ba komai ba ne, su ne ma abin da za ka riƙe ka nemi ragi.

Ka sayi jirgi a gaban shaidu, Sarkin Ruwan wurin ya sani. Ana satar jirage a kai wata kwata a sayar.

2. Wanke shi, ka shanya a inuwa

Wanke laka da gansakuka, ka ɗora shi a kan gungume uku ko huɗu, kada ya taɓa ƙasa saboda gara. A inuwa za ka shanya shi, kwana huɗu zuwa mako. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, don haka dole ya bushe, amma idan ka bar shi a rana, ko cikin iskar hunturu ya yi makonni, falankan za su tsuke su tsattsage, mahaɗar da ba ta yoyo da ma ta buɗe baki. Idan babu inuwa, kafa rumfar zana ko ka rufe shi da ciyawa.

3. Cire kayan fito

Bencinan fasinja za su fita, amma ba duka ba, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Sabon shiga yana ganin benci wurin zama ne kawai. A jirgin katako benci ne yake riƙe gefe da gefe, idan ka ɓalle su gaba ɗaya jirgin zai buɗe, mahaɗun ƙasa su saki. Kafin ka cire ko ɗaya, gicciya katako biyu a saman baki ka kafe su na wucin gadi. A ƙarshe aƙalla uku za su zauna: na gaba, na tsakiya, na baya.

Idan akwai rumfa, sauke ta. Iska take tarewa, kuma nauyi ne a sama. Tsofaffin ƙusoshi da ƙarafa duk ka zare, wanda ya ƙi fita ka yanke kansa ka dulmiya shi cikin katako.

4. Sauya abin da ya ruɓe

Yanke ruɓaɓɓen wuri har sai zarto ya shiga katako mai kyau, ka ƙara taki ɗaya na hannu gaba, domin ruɓa tana tafiya cikin katako fiye da inda ido yake gani. Ka sa yankan ya faɗo a tsakiyar haƙarƙari, yadda bakin tsohon falanki da na sabo duk za su sami abin kamawa. Idan bai faɗo nan ba, sa guntun katako a ciki ya haye mahaɗar, taki ɗaya kowane gefe, da kwalta a tsakaninsu.

Tsohon guntun da ka cire shi ne ma'auninka, ɗora shi a kan sabon falanki ka zana. Maɗaci da loko suna tsagewa idan aka buga musu ƙusa kusa da baki, saboda haka fara huda rami wanda bai kai kaurin ƙusar ba. Buga daga waje, ta fito ciki, wani ya tare kanta da guduma kai kuma ka lanƙwasa tsinin ka kwantar da shi cikin katako. Ƙusar da aka lanƙwasa haka ba ta zarewa. In ƙusar gini kawai ka samu, tsoma kowace a kwalta kafin ka buga, ka kuma shafe kanta, amma ka sani tsatsa za ta ci ta, ta baƙanta katakon da yake kewaye da ita.

Haƙarƙarin da ya tsage ba sai an cire ba. Sassaƙa wani irinsa ka kafa a jikinsa da bol.

5. Toshe mahaɗa da kwalta

Wannan ne aikin da yake cin lokaci, kuma shi ne jirgin. Kankare tsohuwar kwalta daga kowace mahaɗa har ka ga katako, ka share ƙura. Sabuwar kwalta a kan tsohuwa mai datti ba ta daɗewa, ɓamɓarewa take yi.

Murɗa auduga ko zaren rama ta zama siririyar igiya, ka riƙa cusa ta cikin mahaɗar da dakusasshen kurfi, kana bugawa a hankali. Ta shiga ta zauna, amma ka bar ɗan rami a samanta inda kwalta za ta kwanta. Kada ka duma ta da ƙarfi kana ganin ƙwazo ne. Katakon a bushe yake yanzu, idan ya sha ruwa zai kumbura ya matse da kansa, abin da ka cusa fiye da kima kuwa shi zai ture falankin ya zare ƙusa. Idan babu auduga, tsumman atamfa da aka yayyaga siri-siri yana yi. Leda da zaren buhun roba ba sa yi, narkewa suke da zafin kwalta.

Narka kwalta a fili, nesa da jirgin da bukkoki, a wuta mai sauƙi, garwar kada ta wuce rabi. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki za ta yi tsartuwa ta fantsama, ƙunarta kuwa mugu ne don mannewa take a fata. Ajiye yashi da fallen kwano kusa. In ta kama wuta rufe bakin garwar za ka yi, ba ruwa za ka zuba ba. Yara su yi nisa. Wasu suna sirka ta da kalanzir don ta yi laushi. Idan za ka yi haka, sauke ta daga wuta ka matsa nesa tukuna, kuma kaɗan. Fetur kam kada ma ya zo wurin.

Zuba da ludayi kana bin mahaɗar, na bayanka yana dannawa da zazzafan ƙarfe. A mahaɗar gindi da gefe, da duk inda ramin ya kai faɗin ɗan yatsa, yanka kwano siriri mai faɗin yatsa huɗu, ka shimfiɗa a kan kwaltar tun tana da zafi, ka bi bakinsa da ƙananan ƙusoshi, tsakaninsu yatsa biyu. Sake shafe samansa. Kwano a waje ake sa shi, a ƙasa. A cikin jirgi ko a baki, gefensa zai yanka raga ya yanka ƙafa.

Wanda jirginsa na faiba ne, wannan mataki ya sha bamban. Goge wurin da ya fashe da sandfefa har ya yi kaushi, ya bushe ƙayau, a shimfiɗa ƙyallen faiba hawa uku, kowane ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, ana jiƙa shi da ruwan gam ɗinsa. Maganin da yake daskarar da gam ɗin kamar kashi 2 cikin 100 ake sawa, kuma kaɗan-kaɗan ake damawa, don da zafin rana yana daskarewa kafin ka ankara. Ba ya kama wurin da kwalta ko mai ya taɓa.

6. Gwajin yoyo

Tura shi ruwa marar zurfi ka ɗaure ya kwana biyu. Ranar farko zai tsattsafo, kada hankalinka ya tashi, katako yana sha ne. Kwarfe shi tas a rana ta uku, ka goge da tsumma, ka zauna ka duba inda ruwa yake fitowa, ka sa alama da alli. Idan ruwa yana da nisa, ana iya gwadawa a kan gungume: zuba ruwa a ciki iya tsawon ɗan yatsa ka leƙa ƙasa ka ga inda yake ɗiga. Kada ka cika shi. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma jirgi an yi shi ne ya tare ruwa daga waje, nauyi daga ciki zai ɓalle shi.

7. Tsara cikinsa

Raba shi uku. Gaba na raga ne, tsakiya na kifi, baya na matuƙi da inji. Mai jefa birgi, wato ragar jifa, kuwa yana so a yi masa ɗan dandamali a goshi inda zai tsaya, amma ka saukar da shi aƙalla taki ɗaya ƙasa da baki. Dandamalin da aka yi daidai da baki yana da kyan gani, shi ne kuma yake kifar da mutane.

Yi daɓe da siraran katako, da tazarar yatsa tsakaninsu, a ɗora a kan haƙarƙari, yadda raga da ƙafa ba za su kwanta cikin ruwa ba. Yi shi gunduwa-gunduwa wanda za a ɗaga a wanke ƙasa, kada ka kafe. Ɓawon kifi da laka da suke taruwa a ƙarƙashin kafaffen daɓe su suke ruɓar da jirgi. A wuri mafi zurfi, wajen baya, bar fili ba daɓe, wanda abin kwarfa zai shiga. Jarka mai lita 4 da aka yanke gindinta a karkace ta isa, ka ɗaure ta da igiya.

Wurin kifi ka kange shi da katako biyu, gaba da baya, tsayinsu ya kai rabin zurfin jirgi. Ba don tsabta kaɗai ba: kifi mai santsi yana gangarawa duk inda jirgi ya karkata, ya ƙara masa karkata. Tarwaɗa da ƙurungu suna daɗewa da rai idan an rufa musu jiƙaƙƙen buhu. Karfasa da giwan ruwa kuwa ba sa jure rana, idan kana kai wa masu sayen ɗanye, nemi akwatin ƙanƙara ka zaunar da shi a ƙasa a tsakiya, ka tare shi da katako kada ya zame. Gangar jikin tsohon firiji tana yi, idan ƙarami ne kuma an cire injinsa.

Mai mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ya kafa katako mai taushi ko guntun soso a ciki kusa da baki, inda zai riƙa soke ƙugiyoyi a jere.

8. Gyara baki

Duk ragar da za ka saka ko ka ja, a kan bakin nan za ta bi, kuma taru mai kyau kuɗinsa yana iya kusantar na jirgin. Goge bakin da magagari da sandfefa har ya yi sumul. Tsaga fayif ɗin roba a tsaye, ka ɗan gasa shi ya yi laushi, ka sa ya rungumi bakin a gefen da ake jan raga, ka kafe daga ƙasa inda kan ƙusa ba zai fito ba. Tsohon tiyo mai kauri yana maye gurbinsa. Tayar mota ba na ba da shawararta, waya tana fitowa daga cikinta.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: ɗauki guntun tsohuwar raga ka ja ta a kan baki da benci da daɓe, tun daga goshi har baya. Duk inda ta maƙale, tsaya ka gyara.

9. Mazaunin inji

Ba kowa yake buƙatar inji ba. Mai su a Tiga ko a fadamun Hadeja da Nguru, kusa da gida, filafili da gora sun ishe shi. A Kainji ko Lagdo ta Kamaru, inda ake tafiya mai nisa, injin mai ƙarfin doki 8 zuwa 15 ya wadatar da jirgi irin wannan. Wanda ya fi haka zai danne baya, ya ɗaga goshi, ya girgiza mahaɗun da ka sha wahalar toshewa.

Idan bayan jirgin a yanke yake, ƙara masa katako mai ƙarfi har kaurin ya kai santimita 4 zuwa 5, ka ɗaure da bol da manyan wosha, ba ƙusa ba, ka tokare shi daga ciki da katako biyu zuwa haƙarƙari na ƙarshe. Idan bayan mai tsini ne, ko dai a yanke tsinin a sa katakon, ko a yi maƙali a gefe kusa da baya. Yankan baya aikin kafintan jirgi ne, kira shi.

Auna kafin ka yanke tsayi. Inji mai gajeriyar ƙafa yana son kimanin santimita 38 daga saman katakon zuwa gindin jirgi, mai doguwa kuwa 51. Faffaɗan ƙarfen da yake saman farfela ya zo daidai da gindin jirgi, ko ya ɗan sauka da yatsa ɗaya. Idan ya yi sama farfela za ta sha iska, inji ya yi ta kuka ba tafiya, ruwan sanyaya shi ma ya yanke. Idan ya yi ƙasa sosai zai riƙa dukan kututture. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya ja suna matsowa sama. Saboda haka ɗaure injin da igiya dabam a jikin haƙarƙari, ko maƙalinsa ya kwance ba zai tafi ƙasa ba. Tankin mai ya zauna a ƙasa, a inuwar benci, nesa da kifi.

10. Jarkoki, anga da fenti

Katako ko ya cika da ruwa yakan yi iyo, amma inji da dalmar taru da anga su suke jan jirgi ƙasa. Jarka mai lita 25 da aka rufe da kyau tana ɗaga kusan kilo 24. Cusa biyu ƙarƙashin bencin baya inda inji yake, ɗaya a tsakiya, ɗaya a goshi, ka ɗaure su tam a jikin haƙarƙari. Wadda ba a ɗaure ba, ita za ta fara tafiyarta ta bar ka. Wannan ba ya maye gurbin rigar ruwa. Kowa da tasa, ko da ɗan Sarkawa ne da aka haifa a bakin kogi, domin wanda raga ta naɗe wa ƙafa iya iyo ba ya fisshe shi.

Anga dutse ne a cikin buhu, ko tsohon ƙarfe da mai walda ya sa wa ƙahoni. Igiyarta ta ninka zurfin ruwan aƙalla sau uku, kuma a goshi ake ɗaure ta. Wanda ya ɗaura a gefe ko a baya, taguwa za ta shigo masa.

Ƙasan jirgi daga waje kwalta ta ishe shi. Fenti na sama ne, inda ruwa bai kai ba, hawa biyu, kuma kada ya hau kan kwalta don za ta huda shi ta fito. A kan dandamali da daɓe, barbaɗa busasshen yashi tun fentin yana ɗanye, ka sake shafawa, ƙafa ba za ta zame ba. Wasu suna shafa baƙin mai don korar ruɓa. Kada ka yi, warinsa yana kama kifi, mai saye kuwa da hanci yake fara ciniki.

11. Gwaji da kaya

Zaɓi safiyar da ba iska, a ruwan da bai wuce ƙirji ba. Loda duk abin da za ka fita da shi: jiƙaƙƙiyar raga, inji, mai, mutanenka, da buhun yashi ɗaya ko biyu a madadin kifi. Daga ruwa zuwa baki a tsakiya ya rage aƙalla taki ɗaya da rabi. Wani ya tsaya a gaɓa ya duba maka ko goshi ko baya ya fi nutsewa, ka matsar da kaya har ya daidaita, goshi ya ɗan fi tashi kaɗan.

Sannan ku biyu ku tsaya gefe guda kamar kuna jan taru. Idan baki ya kusa shan ruwa, akwai nauyi a sama da ya kamata ya sauka: rage tsayin dandamali, ko ka ɗan matsar da akwatin ƙanƙara daga tsakiya zuwa ɗaya gefen. Tayar da inji, ka tabbata ruwa yana tsartuwa ta bayansa, ka yi tafiya a hankali, ka juya dama da hagu, sannan ka ƙara wuta. Da kun dawo ɗaga daɓe ka duba mahaɗun baya, nan girgizar inji take fara buɗewa, ka ƙara ɗaure notin da suka saki.

Kafin fita ta farko ka je wurin Sarkin Ruwa da jami'an kifi na jiharku ka ji maganar lasisi da girman idon ragar da aka yarda da shi a ruwan, domin kowane ruwa da dokarsa. Makon farko ka tsaya kusa da gaɓa, kana duba yawan ruwan da kake kwarfewa kowace safiya. Idan yana raguwa, katako ya gama kumbura. Idan yana ƙaruwa, jawo shi ka koma mataki na 5.